Na Ba Shi Kyauta Ranar Masoya, Ya Ce In Ɗauke Kayana

Assalamu alaikum Mama. Ina fatan kina lafiya, ya iyali, ya ƙoƙari? Ni matar aure ce a Kaduna, shekarata 33, shekararmu goma da aure, 'ya'yanmu uku. Don Allah ki sakaya sunana.

Lokacin da Abban yara yake nemana dukanmu muna makaranta. Ranar 14 ga Fabrairun 2014, ba zan manta ba Juma'a ce, ya zo zance bayan la'asar da 'yar leda a hannu. Turare ne a ciki, ƙaramar kwalba, da kati da ya rubuta da hannunsa. Daga baya abokinsa ya tsegunta mini cewa sati biyu ya yi yana zuwa makaranta a ƙafa don ya tara kuɗin. Turaren ya ƙare tuntuni, amma kwalbar tana nan cikin akwatin lefena. Bayan aure ma bai fasa ba: wata shekara agogo, wata shekara atamfa, shekarar da ba shi da kuɗi tsire ya shigo da shi muka ci bayan yara sun yi barci.

Tun 2023 ya daina. Ya fara zuwa karatu tsakanin magariba da isha, ya ce malam ya ce bikin Nasara ne, bai halatta ba. Ban yi musu ba. Amma Mama, tun daga nan ko tsinke bai sake kawo mini da sunan kyauta ba. Kayan Sallah ma kuɗi yake turo mini ta waya ya ce in saya. Ba ya rage mu da ci da sha, ba zan yi masa ƙarya ba. Bara na kwashi adashena na saya masa shadda yadi biyar da turare, na ba shi ran 14 ga wata. Ko buɗewa bai yi ba, ya ce in ɗauke kayana, kada kuma in sake. Na kwana ina kuka. Kayan suna nan a durowa. Ga watan ya sake zagayowa, ƙawayena za su cika sitatus da furanni da kek. In sake gwadawa ne bana? Ko dai son ne ya ƙare?

Wata baiwar Allah, Kaduna.

Wa alaikumus salam, 'yata. Na sakaya sunan. Amsar tambayarki ta farko gajeriya ce: kada ki sake gwadawa, ko alawa kada ki miƙa masa ran 14 ga wata. Ta biyun ce mai tsawo. A cikin abin da kika rubuto ban ga alamar so ya mutu ba. Mutum biyu na gani da suka shekara uku suna ja-in-ja a kan kwanan wata, alhali abin da ke cin kowannensu daban ne.

Sau biyu na karanta wasiƙarki. Agogo da atamfa kalma ɗaiɗai kika ba su kika wuce, ko launin atamfar ba ki faɗa ba. Wuri biyu alƙalaminki ya tsaya ya yi nauyi: saurayin da ya yi sati biyu yana taka sayyada don ya saya miki turare, da magidancin da aljihunsa ya bushe amma ya ƙi shigowa hannu rabbana, ya biya ta wurin mai tsire. Duka biyun kyautar marar kuɗi ce. Kewar da kike yi ta mutumin nan ce da yake tafiya cikin kasuwa kina ransa. Ya ga abu, ya tsaya, ya jujjuya shi, ya ce wannan zai yi wa wance kyau, ya yi ciniki, ya cusa a aljihu, ya kama hanya yana murmushi shi kaɗai. Alat ba ya zuwa da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da yake cewa shi ne na sauke nauyi. Kyauta kuwa cewa take yi na tuna da ke a inda ba kya nan. Ta ƙofar 14 ga Fabrairu wannan tunawar ta saba shigowa ɗakinki, shi ya sa da aka rufe ƙofar kika tsaya kina ta bugu.

Ni ma ina da irin kwalbarki. Zamanin da aka yi mana aure ba mu san wata ranar masoya ba. Sai da na fara koyarwa na kama 'yan makaranta suna ɓoye jajayen katuna a cikin littafi sannan na ji sunanta. Ina amarya, a wata tsohuwar kwalbar magani nake zuba kwallina, murfin ya fashe na toshe bakin da tsumma. Ban taɓa yi wa maigidana maganar ba, Allah Ya jiƙansa, kunyar wancan zamanin ma ba za ta bari ba. Wata Asabar ya shiga birni ya dawo, ya ajiye wani abu a kan gado ya fice masallaci bai ce uffan ba. Tandun kwalli ne na fata daga Kasuwar Kurmi, ɗan mitsitsi, da zanen ja da baƙi. Kuɗinsa bai kai na cefanen wuni ɗaya ba. Daga baya ya saya mini sarƙar zinariya, na sayar da ita shekarar da babban ɗanmu ya shiga jami'a, ko ɗigon hawaye ban zubar ba. Tandun kuwa jikokina ma ba na bari su taɓa, domin kafin ya saye shi sai da idonsa ya kai kan tsumman nan. Nawa ga wata ne, ban riƙe ba. Asabar ce dai.

Yanzu bari in ba mijinki gaskiyarsa, don ba zan zauna in taya ki yi da shi ba. Abin da ya faɗa a kan asalin ranar ba shaci-faɗi ba ne. Sunan wani waliyyin Kiristoci take ɗauke da shi, Balantain, wanda aka kashe a birnin Rum a ƙarni na 3, kuma Paparoma Gelasiyus ake danganta wa sanya 14 ga Fabrairu ta zama ranar tunawa da shi a coci, a shekarar 496. Farkonta babu ruwanta da soyayya. Sai bayan kusan shekara ɗari tara mawaƙan Ingila suka haɗa ta da masoya, wai a lokacin ne tsuntsaye ke zaɓen abokan zama. Ita kanta Cocin Katolika ta cire ranar daga babbar kalandarta a 1969, saboda abin da aka tabbatar game da mutumin bai taka kara ya karya ba. Waɗanda suka yi kiwonta har ta yi ƙiba 'yan kasuwa ne. Da kuɗin aika wasiƙa ya yi araha a Ingila a 1840 masu buga kati suka samu ciniki, kamfanin Cadbury ya zo da kwalin cakulan mai siffar zuciya. A Japan mata ne ke saya wa maza cakulan ran nan, har da abokan aikin da babu komai tsakaninsu, don dai a fita kunya. Masu sayar da alawa suka ga ribar ba ta ishe su ba, suka ƙirƙiro 14 ga Maris domin maza su rama. Gana ta mayar da ranar ta shan cakulan ta ƙasa don a sayi na kokonta. Jan furen da ake rububinsa a Turai kuwa, da yawansa a bakin tafkin Naibasha na Kenya ake noma shi, a loda a jirgin sama zuwa Holan. Kin ga kowa da abin da yake lasa a jikin ranar.

Hukunci na malamai ne. Kwamitin fatawa na Saudiyya ya daɗe da hana bikin, Hisba a Kano tana yawan jan kunne in watan ya kama, malamanmu da yawa a kan haka suke. A Masar an samu waɗanda suka sassauta suka ce al'ada ce ba ibada ba. Mijinki ya bi masu hanawa, kuma ba a ganin laifin mutum don ya guji abin da yake tsoron zai taɓa masa addini. A wannan ki sakar masa. Ranar da ma ba gadon gidanku ba ce.

Da zai zauna a gabana, tambayar da zan yi masa daban ce: malamin da ya karantar da shi babin hani, bai kai shi babin kyauta ba ne, ko ran nan ne bai je karatu ba? A cikin Sahihul Buhari akwai littafi sukutum a kan kyauta. A nan Nana A'isha ta ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana karɓar kyauta kuma yana sakawa a kanta. A nan ne kuma Anas ya ce Annabi ba ya mayar da turare in an ba shi. Turare fa, 'yata, abin da ke cikin ledarki. A wani littafin nasa, Al-Adabul Mufrad, Buhari ya kawo hadisin da kowane ɗan Islamiyya ya haddace: ku yi wa juna kyauta, za ku so juna. Annabi ya kuma gaya wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa duk abin da ya ciyar don Allah za a ba shi lada a kai, har lomar da zai sa a bakin matarsa. A baki aka ce, da hannu.

Kwalbar da kike ɓoyo ma kada wani ya sa ki ji kunyarta. Bayan yaƙin Badar, da mutanen Makka suka aiko da fansar 'yan'uwansu da aka kama, Nana Zainab 'yar Manzon Allah ta aiko da fansar mijinta Abul As, a ciki har da wata sarƙa da mahaifiyarta Nana Khadija ta ba ta lokacin aurenta. A lokacin Khadija ta yi shekaru da rasuwa. Da Annabi ya ga sarƙar sai tausayi mai tsanani ya kama shi, ya nemi sahabbai in sun yarda su saki mutumin su kuma mayar wa Zainab sarƙarta, suka yi hakan. Shi ne kuma in ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayen Khadija da nama, har A'isha ta riƙa jin kishin matar da ba ta taɓa zama da ita ba. Wanda ya fi mu duka tsoron Allah, abin wuya ya tuna masa da matarsa. To wa zai ce miki ajiye kwalba shirme ne?

Sai dai kada mu ɗora wa mijinki shi kaɗai laifin da na gari ne. Bahaushe gwanin kyauta ne kafin a shafa fatiha. Ki ƙirga: toshi, kuɗin zance, kayan na-gani-ina-so, kayan azumi da ake kaiwa gidan su yarinya, kayan Sallah, sannan lefe akwati-akwati. Ana ɗaura aure, a kai amarya, a ci gara, sai rijiyar ta ƙafe. Abin da ya rage sunansa cefane. Kyautar da al'ada ta tanadar wa matar gida bayan nan 'yar kaɗan ce: kayan fitar suna in ta haihu, kayan Sallah, sai kuma, Allah Ya kyauta, kayan faɗar kishiya. Wato akwatin da zai sake shigowa ɗakinki da girma shi ne wanda ke sanar da ke ana shirin kawo wata. Ban yi mamaki ba da matan zamaninku suka rungumi ranar aro. Gurbi ta tarar babu kowa a ciki. Da mazanmu sun riƙe tsaraba kaɗai, tsarabar nan ta kakanni da mutum ba ya dawowa ko daga cin kasuwar ƙauye sai da ƙunshin wani abu, da 14 ga Fabrairu ba ta samu masauki a gidajenmu ba.

Akwai kuma abin da na tsinta a wasiƙarki wanda ke ba ki tsaya a kansa ba: 2023. Ki tuna Fabrairun shekarar. Lokacin canjin kuɗi ne, magidanta suna wuni a layin banki da na masu POS, mutum da kuɗinsa a asusu ya kasa sayen kayan miya. Ƙarshen Mayu aka cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, komai na kasuwa ya bi bayanta. Ban ce karatunsa na ƙarya ba ne. Amma na kwana biyu a duniya, na san namiji ya fi samun sauƙin cewa haramun ne a kan ya ce ba ni da shi. Na farkon girma yake ƙara masa, na biyun kuwa ji yake kamar an tuɓe masa riga a tsakiyar kasuwa. Mai yiwuwa abu biyun ne suka haɗu: malam ya faɗa, aljihu ya ce amin. Mutumin da ya saba kawo agogo yana iya ganin in ba agogon ba gara kada ya kawo komai, bai san tsiren ne matarsa take ba da labarinsa bayan shekaru ba. In haka ne, ki auna yadda ya ji bara da kika dire masa shadda mai tsada a gaba, a ranar da shi ya daina kawowa.

To ga naki laifin, don ba zan wanke ki tas ba. Ya gaya miki matsayinsa a kan ranar nan tun shekara biyu kafin nan. Kwana 365 ne a shekara, kika tsallake 364 kika ɗauki wannan. Ki tambayi zuciyarki tsakani da Allah: kyauta kika kai masa ko jarrabawa? So kika yi ki ga ko zai zaɓe ki ya bar maganar malam. Duk wanda aka yi wa haka an sa shi tsaka mai wuya, ko ya karɓa ya ji ya saɓa wa abin da ya yarda da shi, ko ya ƙi ya ƙona miki rai. Ya ɗauki na biyu, kuma ya yi shi da kaushi. Da ya iya cewa na gode, ajiye mini sai gobe, da ba ki kwana kina kuka ba. Wannan rashin iya bakin nasa ne. Amma tarkon ke kika ɗana shi.

Batun ƙawaye da sitatus ba zan ja shi ba. Na san wadda ta yi wa kanta odar kek da fure, ta biya da kuɗinta, ta ɗora hoto tana godiya ga mijinta abin alfaharinta, alhali kwana uku ko gaisuwa ba ta haɗa su ba. Furen kuɗin nan da ake nannaɗe sababbin takardun naira ma Babban Banki ya ce wulaƙanta kuɗi ne, doka ta hana. Ran nan ki kashe data ki tafi kitso.

Ga abin da nake so ki yi. Ki fito da shaddar nan daga durowa. Ki ɗauki kaftaninsa da ya fi zama masa a jiki, ki aika wa telansa a matsayin awo, ki ce kada ya gaya masa. Ki zaɓi irin aikin da shi yake sawa ba wanda ke kike sha'awa ba. In mai son ɗinki marar hayaniya ne kada ki cika masa wuya da surfani. Ki bar 14 ga wata ta zo ta wuce, ran nan ki tuƙa tuwonki kamar kullum, ba jan kaya, ba kumburi. Ki ƙara aƙalla sati guda. Sai wata Juma'a yana wanka, ki shimfiɗa masa kayan a kan gado a goge, da hularsa, turaren a gefe. In ya tambaya na mene ne, ki ce na masallaci ne, ai sa turare ran Juma'a sunna ne. Iyakar maganar ke nan. Kada ki ambaci bara, kada kuma ki tsaya a kansa kina jiran godiya, ki fice ki kama aikinki.

Magana tana nan tafe, amma ba ran nan ba, don kada kyautar ta zama toshiyar baki. Ki bari sai wani dare da yara suka yi barci, ya ci ya ƙoshi, ba ranar da ya dawo da ɓacin ran wurin aiki ba. Ki ɗauko kwalbar ki sa masa a hannu ki ce ya gane ta? Kada ki ji haushi in bai gane ba, maza ba su cika riƙe irin wannan ba. Ki ba shi labarin da kanki, har da tafiyar ƙafar da yake zaton ba ki sani ba. Sannan ki ce masa, da irin bakinki ba nawa ba: Abban wane, na bar ranar nan har abada, ka yi haƙuri da abin da na yi bara. Amma ina kewar ka shigo da abu a hannu ka ce nawa ne ni kaɗai, ko da rake ne, ko gyaɗar naira ɗari. Da gangan za ki ambaci abu mai araha, don ki sauke masa dutsen da nake zargin yana ɗauke da shi. Hadisan da na kawo kuwa guzurinki ne, don ki san abin da kike nema ba son zuciya ba ne. Kada ki jero masa su kamar mai wa'azin kasuwa. Namijin da ya fara zuwa karatu ba abin da ya ƙi jini irin matarsa ta ja masa baƙi. In ta kama sai an kawo, ɗaya ya isa, shi ma a sigar tambaya: wai Malam, da gaske ne Annabi ba ya mayar da turare?

Kada kuma ki ce to a koma ranar ɗaurin aure ko ranar haihuwarki. Wanda ya ƙi waccan da hujjar da ya bayar zai iya ƙin waɗannan da irinta, ku koma gidan jiya. Abin da ba shi da kwanan wata ba wanda zai kira shi biki. In Sallah ta matso ya ce zai turo kuɗi, ki ce bana dai ka zaɓo mini da kanka, duk wadda ka kawo zan ɗaura. In kuma ya kawo wadda ba ta kwanta miki ba, ki ɗaura ɗin. Na ga mata da yawa da suka kashe wa kansu kyauta da bakinsu: an kawo atamfa sun ce ai wannan zanen tsofaffi ne, nawa ka saya, wallahi an cuce ka. Mutum ya sha haka sau biyu, na uku sai ya turo kuɗi. Ban ce kin taɓa yi ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaba kyauta tukuici. Ko goruba ya kawo, ki nuna masa ta isa inda aka aike ta.

In kuwa kin yi duk wannan, a Juma'ar da ba bikin kowa ba ya sake ture kayan, ko kin yi masa maganar ya ce ba ya son shirme, wata uku ya shuɗe ba canji, to ashe tun farko ba ranar ba ce matsalar, akwai lauje cikin naɗi. Lokacin ne za ki tambaye shi ba kwana-kwana ko akwai abin da kika yi masa, ko akwai abin da ke damunsa ya ƙi faɗa, bashi ne, aiki ne, ko wata yake nema. In ya ƙi buɗe baki, ki sami mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, yayarsa ko gwaggonsa mai riƙe sirri. Ban da ƙawaye, ban da mahaifiyarki tukuna, don ke za ki huce ita ba za ta huce ba. Amma ban zaci za a kai nan ba. Mutumin da kika shaida da bakinki bai rage ku da ci da sha ba a wannan marra, da magariba kuma gaban malam yake tafiya ba majalisar gulma ba, ba irin wanda ake cire rai da shi ba ne.

Na san akwai mazan da ke leƙo wannan fili a ɓoye suna cewa na mata ne. Malam, ka hana matarka ranar Nasara, madalla. To ina taka ranar? Mai tsiren yana nan a bakin layinku, bai tashi ba.

Shaddar dai, 'yata, ki hanzarta kai ta. Azumi ya ƙarato, kin san telolinmu: da zarar ɗinkin Sallah ya fara shigowa, ko ke kika haife shi sai ya ce ki dawo jibi, jibin da ba ta zuwa. Ki kuma buɗe turaren ki shinshina tun yanzu, shekara guda a durowa cikin zafin nan wani yakan juya. In ya juya, ki ɗauki tsohuwar kwalbar ki shiga kasuwa da ita, ki tambaya ko har yanzu ana kawo irinsa.